Kabewar Hamidou

Dashen kabewa biyu Maame Afua ta kawo lambun a cikin kwali, kuma Ishawu aka bari ya fara zaɓa saboda shi ne babba. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, ya duba saiwarsu ta ƙasan gwangwani. Mai kaurin kara da ganye kore shar ya ajiye a gefen ƙafarsa. Ɗayan kuwa, wanda ya langaɓe kamar kazar da ruwan sama ya daka, ya miƙa wa Hamidou.

"Wannan ma zai yi," ya ce. "Ka dai riƙa ba shi ruwa."

Hamidou ya karɓa da hannu biyu. "Na gode, Yaya. Ni ko ciyawa ka ba ni, shukawa zan yi."

Lambun wani fili ne a Tremont, cikin Bronx ta birnin New York, tsakanin dogayen gidaje biyu. Da can juji ne, mutanen unguwa suka share shi suka raba ƙananan fuloti, kowa yana shuka abin da ya tuna masa da gida. Maame Afua ce shugaba, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Asante ta Gana da ta ajiye aikin kula da tsofaffi, Hausarta irin ta kasuwar Kumasi. Ita ta zo da labarin a bazarar 2016. Ƙungiyar masu lambunan unguwanni za ta shirya tsere a watan Oktoba, a wani tafki da ke Staten Island, kuma ba da kwalekwale za a yi shi ba. Akwai wani irin kabewa da ke girma har ta fi ƙarfin ƙarti huɗu. Sai a yanke kanta, a ƙwaƙule cikinta, mutum ya shiga ya tuƙa. Da ta faɗa, kowa ya yi dariya, aka ce Bature bai rasa abin yi ba. Mutum biyu ne kawai suka ɗaga hannu.

Ishawu ɗan Zongon Kumasi ne, ya haura arba'in, yana tuƙa motar kai kaya ta wani shagon abincin Afirka kusa da Fordham Road. A lambun Sarkin Noma ake kiransa, kuma ba a banza ba, don gautansa da yakuwarsa har daga Brooklyn ake aiko a roƙa. Hamidou kuma mutumin Gaya ne ta Nijar, can bakin kogin Kwara. Huluna da tabarau yake sayarwa a kan tebur a Fordham Road. Lokacin da ya zo New York bai san kowa ba, Ishawu ne ya tsince shi a masallaci, ya nemo masa ɗaki, daga baya ya yi masa hanyar samun fuloti a lambun. Ishawu yakan faɗi haka a gaban mutane, Hamidou kuma yakan ce gaskiya ne.

Aka ba su bayan lambun, jikin bango, inda yaɗo zai samu wurin miƙewa. Ishawu ya ɗauki abin da gaske. Kafin ya tafi aiki sai ya biya, in ya tashi sai ya dawo. Ya samo takin doki, ya riƙa karɓo ruwan wankin kifi daga shago a jarka. Ya binne gaɓoɓin yaɗon don su yi saiwa, ya tsinke duk 'ya'yan da suka fito ya bar guda ɗaya, ya shimfiɗa mata yashi, ya rufa mata tsohon zanin matarsa kada rana ta ƙona fatarta. Hamidou kuwa sai ya naɗe teburinsa da yamma yake shigowa. Ya watsa bokiti biyu uku, ya shafa ganyen, ya rera wata waƙa ta masunta, ya kwaikwayi duk abin da ya ga Ishawu ya yi, rabi daidai rabi ba daidai ba, ya tafi shan shayi.

Zuwa tsakiyar Agusta, ta Ishawu ta kai girman kwandon wanki. Ta Hamidou ta wuce nan da nisa. Kullum da safe sai a tarar ta ƙara, kamar ana hura ta. Maame Afua ta tsaya a kanta wata rana, ta riƙe ƙugu.

"Ei! Wannan ai ba kabewa ba ce, giwa ce."

Sunan ya bi ta. Bayan sallar Juma'a sai ka ga maza da manyan riguna sun gangaro daga masallaci, wai za su ga Giwa. Hanyar zuwa wurinta ta gefen fulotin Ishawu take, don haka a kan idonsa suke wucewa. Wasu su ce masa sannu da aiki, wasu ma ba sa lura da shi, har wani ya taɓa take masa yaɗo. Hamidou ya zauna a kan bokiti yana ba su labarin kogin garinsu, yadda ya fara tuƙa kwalekwale tun kafin a yi masa kaciya, da ranar da dorina ta bi su shi da kawunsa. Ba a jima ba aka fara kiransa Sarkin Ruwa.

Ishawu yana jin su daga inda yake durƙushe. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, duk wanda ya yabi Giwa, sai Hamidou ya nuna shi da hannu ya ce, "Ga mai aikin can, shi ya ba ni dashe." Mutane su waiwayo, su gyaɗa kai, su mayar da idonsu kan Giwa.

A gida ma bai tsira ba. Wata Lahadi matarsa Adjara ta zuba shinkafa da wake a kwano mai murfi, ta sa soyayyen yajin shito a gefe, ta ƙulle a leda.

"Baban Abiba, in za ka lambu ka tafi wa Hamidou da wannan. Gwauro ne, ban san abin da yake ci ba." Ta ɗan yi murmushi. "Mutumin nan hannunsa akwai albarka. Na ga hoton Giwa a wayar Abiba."

"Ni na ba shi dashen."

"Na sani. Allah ya ba ka lada."

"Tawa fa? Kin taɓa zuwa kin gan ta?"

"Taka ai kullum ina jin labarinta. Har a cikin barci kana ba ni."

Ya ɗauki ledar ya fita. A lambun ya tarar da 'yarsa Abiba, mai shekara goma sha biyar, ta durƙusa gaban Giwa da fenti, tana zana mata ido da haure. Wannan yarinya ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaukar masa bokiti ba. Da ta gama ta juyo, ta tambaye shi da Turanci, kamar yadda ta saba, ko shi ma yana so ta zana masa wani abu a tasa.

"Bar ta haka," ya ce. "Tawa ba ta wasa ba ce."

Bayan Babbar Sallah aka gayyaci Hamidou ɗaurin auren wani ɗan garinsu a Ohio. Zai yi kwanaki. Ya zo ya samu Ishawu.

"Yaya, na bar maka amanar Giwa. Ruwa kawai, ba ta da fitina."

Ishawu ya ba ta ruwa, bai rage ko bokiti ɗaya ba. Amma akwai abin da yakan yi wa tasa lokaci-lokaci: ya kwanta rubda ciki, ya zura hannu cikin yashin da ke ƙarƙashinta, ya lalubi ko damshi ya taru ko ɓera ya yi ɓarna. Wata la'asar, babu kowa a lambun sai wata tsohuwa can nesa tana tsinkar tumatir, ya ce bari ya duba ta Hamidou ita ma. Ya zura hannu har kafaɗa. Fatar tana da tauri kamar katako ko'ina, sai can tsakiya yatsunsa suka faɗa wani wuri mai laushi, faɗin tafin hannu. Ya danna, wurin ya lotsa. Da ya zaro hannun, yatsunsa suna da danƙo, da ɗan wari kamar na doyar da ta kwana a leda.

Ya san ciwon, ya kuma san maganinsa. A tone yashin, a kankare wurin, a barbaɗa farar wuta ko toka, a bar iska ta shiga ya bushe. Farar wutar ma tana cikin akwatin kayan aikinsa. Ya zauna a ƙasa yana kallon idon da Abiba ta zana. Sai ya mayar da yashin, ya daddale shi da tafin hannu, ya wanke hannunsa a famfo da sabulu, ya wuce masallaci. A hanya ya ce wa kansa ai ruwa aka ce ya ba ta, kuma ya ba ta.

Da Hamidou ya dawo ya kawo masa tsarabar turare.

"Lafiya ta kwana, Yaya?"

"Lafiya ƙalau."

Ishawu ya yi zaton ruɓar za ta ci gaba, Giwa ta zube da kanta kafin Oktoba, a ce ƙaddara. Sai sanyi ya shigo da wuri, ciwon ya tsaya inda yake, Giwa ta ci gaba da sheƙi.

Ranar tseren, Asabar ce, mai shagon ya ara wa Ishawu mota. Maza suka taru, aka mirgina kabewoyin a kan tamfal, aka ɗaga da kabbara da nishi. Lokacin da aka zo kan Giwa, Ishawu ne ya yi saurin jan tamfal ɗin ƙarƙashinta, ba wanda ya ga gindinta. Suka bi ta Brooklyn, suka haye gadar Verrazzano, suka biya Tompkinsville, inda 'yan Nijar suka cika ƙananan motoci biyu suka bi su, da tutarsu da wani mai kalangu. Ishawu daga shi sai Adjara da Abiba, sai Maame Afua da ta ce ita ta kowa ce.

Bakin tafkin ya cika da jama'a. Ganyen bishiyoyi ya yi ja da rawaya, iska mai sanyi tana kaɗawa. Masu tseren ba su kai goma ba. Akwai wata Baturiya da ta yi shigar ƙudan zuma, da wani ƙato ɗan Dominika da ya ɗaure ido ɗaya da baƙin ƙyalle. Aka ba kowa zarto da shebur ƙarami. Suka yanke kan kabewoyin, suka shiga kwasar tsoka da iri suna zubawa a bokitai. Mutane suka yi dandazo a kan Giwa, ana ta ɗaukar hoto.

Hamidou yana durƙushe a cikinta yana ƙwaƙula, sai ya tsaya. Ya danna ƙasan da tafin hannu, ya sake dannawa. Ya leƙo da kansa.

"Yaya, zo ka gani. Nan ƙasa kamar ya yi laushi. Mi kake gani?"

Ishawu ya zo, ya sunkuya, ya taɓa wurin da yatsa biyu. Daga ciki tsokar ta yi ruwa-ruwa, launinta ya ɗan canza. Mai kalangu yana ta kiɗa a bayansu, wani yana kirari, Sarkin Ruwa, ɗan Gaya, kada ba ya cin nasa.

"Haka suke," Ishawu ya ce. "Wurin da ta kwanta ne. Tawa ma haka take."

"Bon, shi ke nan. Tunda kai ka faɗa."

Aka raba musu rigar ruwa, irin mai hana mutum nutsewa, da filafilin tuƙi mai baki biyu. Hamidou ya rataya tasa a kafaɗa yana dariya, ya ce shi da aka haifa a ruwa mi zai yi da wagga. Ishawu ya kama shi, ya zura masa ita da kansa, ya ja igiyoyin ya ɗaure tamau. Ya juya zai tafi, ya dawo ya sake jan ta ƙasan.

"Yaya, za ka kashe ni tun ban shiga ba!"

"Kada ka kwance."

Adjara tana tsaye da flas ɗin shayi a hannu, tana kallonsu.

Wata motar ɗaga kaya ta sauke kabewoyin a ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ishawu bai iya iyo ba, kuma bai faɗa wa kowa ba. Da ya zura ƙafa a cikin tasa, ta yi tangaɗi, sanyin tsokar ya ratsa wandonsa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a je a zagayo wata jar balan-balan da aka kafa a tsakiyar tafkin, a dawo bakin gaɓa.

Aka busa usur. Ishawu ya caka filafili da ƙarfinsa duka, sai kabewar ta juya a wuri ɗaya kamar faifai. Ya sake, ta sake juyawa. Ya ga gaɓa, ya ga tafki, ya sake ganin gaɓa, mutane suna ƙyaƙyata dariya.

"Yaya!" Muryar Hamidou ce daga gabansa. Ya tsaya, ya waiwayo. "Durƙusa, kada ka zauna! Hagu kaɗan, dama kaɗan, kamar kana lallashin jariri!"

Ishawu ya durƙusa, ya yi yadda aka ce, kabewar ta miƙe. Ya ji haushin cewa maganar ta yi aiki. Hamidou kuwa da ya ga ya daidaita, sai ya sunkuyar da kai ya fara tuƙi. Duk da tsayawar da ya yi, nan da nan ya wuce ƙudan zuma, ya wuce ɗan Dominika. Giwa tana tsaga ruwa da haurenta na fenti, 'yan Nijar suna tsalle a gaɓa, kalangu kamar zai fashe. Ishawu ya jiyo muryar 'yarsa a cikin hayaniyar, tana ihun sunan Kawu Hamidou.

Ya cije leɓe ya ci gaba. Hannunsa na mai ɗaukar kwalayen doya ne, kuma kabewarsa ƙarama ce mai ƙwari, ba ta shan ruwa. Ɗan Dominika ya yi nauyi, ruwa ya riƙa shiga masa ta baki har ya koma kwalfewa da hula. Wasu biyu suka yi karo suka maƙale. Kafin Ishawu ya kai balan-balan, saura Baturiyar da Hamidou ne a gabansa, kuma Hamidou ya riga ya zagayo, ya nufo gaɓa.

Suna dab da yin kiciɓis, fuska da fuska, abin ya faru. Ishawu ya ji wani sauti, fus, kamar an taka ruɓaɓɓen gwanda. Hamidou ya yi ƙasa har ƙirji, idonsa ya fito. Gwiwarsa ta ɓula gindin Giwa, ƙafarsa ta zarce cikin tafkin. Ruwa ya taso ta ramin, kabewar ta karkata, ta kife da shi.

Ishawu ya daina tuƙi. Ba ya ganin komai sai ƙaton gindin Giwa yana lilo a kan ruwa, da baƙin ramin a tsakiya, da ƙafa ɗaya tana harbin iska. Masu ceto biyu suka taho da gudu a ƙaramin jirginsu. Kafin su iso, kabewar ta sake mirginawa, ta dare biyu, kan Hamidou ya ɓullo yana tari, da tsokar kabewa a gashinsa. Ya tofar da ruwa, ya ɗaga hannu ya sara wa jama'a kamar soja.

Wurin ya kaure da sowa.

"Tafi, Yaya!" ya yi ihu yana haki. "Mi kake jira? Kada ƙudan zuma ta cinye mu!"

Ishawu ya tafi. Ya zagaya balan-balan, ya tarar Baturiyar ta saki filafili tana dariya har da hawaye, ya wuce ta. Ya tuƙa har kafaɗunsa suka yi kamar za su cire. Da gindin kabewarsa ya gurji yashin gaɓa, wani saurayi mai riƙe da tuta ya kaɗa ta sau ɗaya, ya ce masa shi ne na farko, idonsa yana can wani wuri. Babu wanda ya miƙo masa hannu. Da rarrafe ya fito.

Jama'a duk sun koma ɗaya gefen. A can Hamidou yake fitowa daga ruwa yana ɗingishi, ya ƙi shiga jirgin ceto, rabin Giwa rataye a ƙugunsa kamar siket, idon fentin yana kallon sama. Mai kalangu ya shiga ruwa har gwiwa ya tarye shi. Turawa suna tafi, yara suna bin sa, Abiba tana gaba da wayarta a sama. Da aka kira sunan Ishawu a lasifika, aka ɓata sunan, kuma kiɗa ya danne shi. Aka ba shi wani ɗan kofi mai ruwan zinariya. Maame Afua ta rungume shi ta ce ya fitar da lambun kunya, sannan ta ce bari ta je ta ga ƙafar yaron nan.

Targaɗe ne a idon sawu, da yanka a ƙwauri. Aka ɗaure masa, aka lulluɓe shi da bargo, 'yan garinsu suka ce su za su kai shi gida.

Ishawu yana bayan mota yana canza wando, Adjara ta zo ta tsaya. Ta miƙa masa shayi.

"Barka," ta ce.

"Ke kaɗai kika ce."

"Baban Abiba, tun da nake da kai ban taɓa ganin ka ɗaure wa wani riga ba. Ko 'yarka." Ta yi ƙasa da murya. "Ka sani?"

Ya kurɓi shayin, ya ƙona masa harshe. "Na san me?"

"Da ƙafar nan ba ta fita ba fa?"

"Ai ta fita."

"To. Ka dai ga yadda ta kaya. Hassada ga mai rabo taki ce." Ta karɓi kofin shayin daga hannunsa. "Ba zai iya tsayuwa a tebur ba sai ƙafar ta warke. Ni zan dafa, kai za ka riƙa kaiwa. Kullum."

Haka aka yi. Duk yamma in ya tashi aiki sai ya hau benen su Hamidou da kwano a leda, kuma duk yamma sai ya tarar da takalma a ƙofar ɗakin har sun tare hanya. Hoton bidiyon da Abiba ta ɗauka ya bazu a wayoyi. Mutanen da ba su taɓa sanin Hamidou ba suna zuwa gaishe shi, daga Harlem, daga Newark. Wani mai shago a Tompkinsville ya ce in ya warke ya zo, akwai wuri a shagonsa, ya huta da sanyin titi. Hamidou yana kishingiɗe, ƙafa a kan matashi, yana maimaita labarin, kullum yana ƙara masa gishiri.

Wata rana ya ce lallai sai Ishawu ya zo da kofin tseren. Ishawu ya kawo shi a aljihun jaket. Hamidou ya karɓa, ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, ku dube shi da kyau. Wanga mutum bai taɓa shiga ruwa ba, amma shi ya ci. Ni da nake cika baki, ga ni kwance. Wallahi Yaya namiji ne."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, Ishawu ya ga haka a idonsa, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Mutane suka ce madalla, madalla. Aka miƙa kofin hannu zuwa hannu, wani ya ƙwanƙwasa shi da farce ya ce roba ce, aka ajiye shi kusa da butar shayi. Sai wani baƙo da ya shigo a lokacin ya ce, "Sarkin Ruwa, don Allah daga farko. Ya aka yi ƙafar ta shige?"

Ishawu ya so ya jira ɗakin ya yi sauƙi. Akwai maganar da ta tsaya masa a rai tun ranar, wani lokaci yana jin zai iya faɗinta. Amma da ya ga yadda suka matsa kusa, suna dariya tun kafin a zo wurin dariyar, sai maganar ta koma ciki. Ya ɗauki kwanon jiya, ya lallaɓa ya fita. Ya kai ƙasan bene kafin ya tuna ya bar kofin, bai koma ba.

Washegari da hantsi yana kan Fordham Road da mota cike da kwalayen doya, danja ta tsayar da shi, wayarsa ta yi ƙara. Yayansa Saani ne daga Kumasi, wanda sai ya yi wata bai neme shi ba. Bidiyo ya turo, da saƙon murya. Ishawu ya danna.

"Ishawu, kana lafiya? Ka ga wannan? An ce a New York ne, kuma Bahaushe ne. Duk Zongo ana ta kallo, Hajiyarmu ta yi dariya har ta ƙware. Ko ka san mutumin? In ka san shi ka gaishe mana da shi."

Ya buɗe bidiyon, ko da yake ya san shi. Ga Giwa tana kifewa, ga ƙafa a sama, ga sarawar soja. Ya mayar baya, ya kalli gefen hoton a hankali. Can a kusurwa, na ɗan lokaci kaɗan, ana ganin gefen wata kabewa marar fenti da gwiwar hannun wani mutum, sannan wayar ta juya ta bi Hamidou.

Ya danna wurin magana, ya kai wayar bakinsa.

"Yaya, na san shi, a hannuna yake. Ni na nemo masa ɗaki. Kuma tseren nan, ni na ci shi."

Amsa ta zo nan take, da hayaniyar kasuwa a bayanta.

"Wane tsere? Au, tsere ake yi?"

Danja ta ba da hannu. Na bayansa ya danna ham, wani ya ƙara. Ishawu ya kife wayar a kan kujera, ya sa giya, ya shiga layin da zai kai shi shago.